Tarihin Rayuwar Marigayi Sarkin Kano Alhaji Abdullahi Bayero, Sarkin da Ya Kawo Ruwa da Wuta Birnin Kano

Gabatarwa

A wannan shafi mun kawo wa masu karatu tarihin rayuwar marigayi Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Abdullahi Bayero, wanda jama'a suka fi sani da Sarki Alhaji. Shi ne Sarki na 10 a jerin sarakunan Fulani na Kano, ya kuma yi shekara 27 a kan gadon sarauta, daga 1926 zuwa 1953. A wancan lokaci babu Jihar Kano, babu kuma ƙananan hukumomi irin na yau. Hukumar En'e ce ke riƙe da kusan duk abin da ya shafi rayuwar talaka ta yau da kullum, tun daga haraji da shari'a har zuwa asibiti da makaranta da kasuwa, kuma Sarki ne shugabanta. Saboda haka duk wanda yake son sanin tushen mulkin ƙananan hukumomi a ƙasar Kano, lalle ne ya waiwayi zamanin wannan bawan Allah.

Dalilin da ya sa muka zaɓi tarihinsa shi ne wata tambaya da har gobe take gaban kowane shugaban ƙaramar hukuma da kansila da hakimi da dagaci: idan kuɗin jama'a suka taru a hannun hukuma, me ya kamata a yi da su, kuma wa zai amfana? Sarki Alhaji ya amsa wannan tambaya da aiki, kuma har yanzu muna ganin sawun aikin nasa. Za mu faɗi abin da ya cim ma, za mu kuma faɗi inda aikin bai kai ba, domin a ɗauki darasi daga duka biyun.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Abdullahi Bayero a Kano a shekarar 1881. Mahaifinsa shi ne Muhammadu Abbas, ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, ɗan Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya kafa sarautar Sulluɓawa a Kano a shekarar 1819. Ya tashi a gidan sarauta, inda ya yi karatun Alƙur'ani mai girma da na littattafan addini a hannun malaman fada, kuma wannan shaƙuwa da malamai ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ƙuruciyarsa ta zo a lokacin da ƙasar Kano ba ta cikin kwanciyar hankali. Yana ɗan kimanin shekara 12 aka fara yaƙin Basasa a 1893, tsakanin magoya bayan Sarki Tukur da Yusufawa, yaƙin da ya raba 'yan gida ɗaya, ya kuma ƙare da hawan Sarki Alu kan gadon mulki. Bayan shekara 10 da fara wannan yaƙi, wato a watan Fabrairu na 1903, sojojin Ingila suka ci birnin Kano. Turawa suka kama Sarki Alu suka fitar da shi daga ƙasar, har ya rasu a Lakwaja, sannan Gwamna Lugga ya naɗa Wambai Abbas ya zama Sarki. Ke nan kafin Abdullahi Bayero ya cika shekara 25 ya riga ya ga yadda rikicin cikin gida yake tarwatsa gari da ciniki, ya kuma ga yadda iko ya koma hannun baƙi. Tun daga nan sarautar Kano ta zama tana aiki ne a ƙarƙashin idon Razdan da Di'o.

Zamansa a Matsayin Ciroman Kano

Sarki Abbas ya naɗa ɗansa Abdullahi sarautar Ciroman Kano. A wannan lokaci ne Turawa suka sauya tsarin mulkin karkara. A da hakimai a birni suke zaune, garuruwansu na warwatse nan da can, jakadu ne ke zuwa karɓo musu haraji. Sai aka tattara garuruwa aka yi gundumomi, aka ce kowane hakimi ya koma ƙasarsa ya zauna da talakawansa. Ciroma Abdullahi ya riƙe ƙasashen da ke kewaye da birni, daga bisani kuma ya zauna a Bichi a matsayin hakimi. Ya shafe kimanin shekara 20 yana wannan aiki.

A cikin waɗannan shekaru ne aka kafa baitulmalin Kano, a 1909. Kafin nan abin da aka tara na haraji yakan bi ta hannuwa da dama, kowa ya ɗebi rabonsa. Da aka kafa baitulmali sai aka yanka wa Sarki da hakimai da alƙalai albashi, aka fara rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, aka kuma fara yin kasafin kuɗi na shekara. Haraji yakan taso daga hannun mai gida zuwa mai unguwa, daga nan zuwa dagaci, zuwa hakimi, har ya isa wurin Ma'aji. A ƙasashen da ke kusa da birni malaman taki ne ke auna gonaki, a yanka wa manomi haraji gwargwadon girman gonarsa, Fulani makiyaya kuma su biya jangali a kan shanunsu. Da fari raba kuɗin ake yi gida biyu, rabi na gwamnatin Turawa, rabi na En'e, daga baya aka ƙara wa manyan baitulmali irin na Kano kasonsu.

Ciroma ya ga wannan tsari tun daga tushensa. Ya san yadda sule yake fita daga rumbun manomi kafin ya zama lamba a littafin Ma'aji. Yana hakimi aka yi yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta hallaka ɗimbin jama'a a arewacin ƙasar Kano. Yana hakimi kuma ya ga yadda zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 ya sa manoma suka karkata ga noman gyaɗa. Wannan gogewa ta zaman karkara ita ce babban jarin da ya shigo da shi fada.

Hawansa Gadon Sarauta da Gyaran Majalisa

Da Sarki Abbas ya rasu a 1919, sarauta ta koma hannun ɗan'uwansa Usman, wanda shekarunsa sun riga sun ja. A zamaninsa manyan bayin Sarki, irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama, suka yi ƙarfi ƙwarai, har ta kai babu mai ganin Sarki sai ta hannunsu. Bayan rasuwar Sarki Usman a 1926 aka zaɓi Ciroma Abdullahi, aka kuma ba shi sandar girma a watan Fabrairu na 1927.

Abu na farko da aka gyara shi ne fada kanta. An raba bayin Sarki da harkar mulki, aka mayar da al'amura gaban majalisa, inda kowane ɗan majalisa yake da fannin da yake kula da shi. Waziri na duba sha'anin shari'a, Madaki na kula da hakimai da gundumomi, Ma'aji na riƙe da baitulmali, aka kuma ware wanda zai riƙa lura da harkokin cikin birni. Sarki ya saki wani ɓangare na ikonsa ga waɗannan mutane, ya zama idan wani abu ya lalace an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A ƙarƙashin majalisar akwai ma'aikatu: ta ayyuka, ta lafiya, ta ilimi, ta daji, ta dabbobi, da 'yan doka, da gidan yari, har da maɗaba'a. Birnin kuma aka kasa shi fuska huɗu, Gabas da Yamma da Kudu da Arewa, kowace da wakilinta.

Wannan gyara yana da muhimmanci ga abin da ya biyo baya. Babban aiki irin na ruwa da wuta yana buƙatar hukuma mai lissafi, wadda za ta iya tara kuɗi shekara da shekaru ba tare da sun zurare ba, ta kuma iya ƙulla yarjejeniya da ɗan kwangila ta biya shi a kan lokaci.

Aikin Ruwa da Wutar Lantarki

Lokacin da Sarki Abdullahi ya hau mulki, mutanen birnin Kano daga rijiyoyi da kududdufai suke samun ruwa. Kududdufan nan ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, damina ta cika su, su zama matattarar sauro da ƙazanta. Rijiyoyi da yawa suna kusa da masai, ga kuma ruwan karofi da na majema da ke gangarawa Jakara. Cututtukan ciki da zazzaɓi sun zama abokan zama. Ruwan famfo da wutar lantarki kuwa, ɗan abin da ake da shi a unguwar Turawa ya tsaya.

A daidai wannan lokaci baitulmalin Kano yana da rarar kuɗi mai yawa, saboda ƙasar tana da jama'a, gyaɗa kuma tana kawo kuɗi. A shekarar 1927 Sarki ya kawo shawarar a yi amfani da wannan rara a kawo ruwa da wuta ga garin Kano baki ɗaya. Ma'aikatar ayyuka ta gwamnatin Turawa da ke Ikko ba ta goyi bayan shirin ba, tana ganin ya yi tsada. Hukumar En'e ta Kano ba ta janye ba. Ta nemi ƙiyasin aikin daga 'yan kwangila, ta tsaya a kan cewa da kuɗinta za ta yi, aka kuma ci gaba da shi.

An kafa injinan jan ruwa da na samar da wuta a bakin kogin Challawa, kusa da Panshekara, kudu maso yamma da birni. Daga nan aka shimfiɗa manyan bututu zuwa babban tanki a kan Gwauron Dutse, domin ruwan ya riƙa gangarowa cikin gari da nauyin kansa. A shekarar 1931 aka buɗe aikin, wanda ya ci ɗaruruwan dubban fam. Ta haka Kano ta zama gari na farko a Arewa da ya samu ruwan famfo da wutar lantarki a wannan mataki mai faɗi. Da farko wasu mutane sun yi ɗari-ɗari da ruwan, amma a hankali aka saba, famfunan kan titi suka zama wurin da 'yan garuwa da yara ke yin layi, masu hali kuma suka ja ruwa da wuta zuwa gidajensu.

Ya kamata mu lura da lokacin da aka yi wannan aiki. A 1927 an yi yunwar Mai Buhu a ƙasar Kano. A 1929 tattalin arzikin duniya ya karye, farashin gyaɗa ya faɗi ƙasa warwas, ga kuma fara da ta addabi gonaki a farkon shekarun 1930. Da a ce an riga an cinye rarar kuɗin a hidimomin fada da ƙarin albashi, da aikin ya tsaya a hanya. Hukumar En'e ta ci gaba da tafiyar da tashar wutar har zuwa farkon shekarun 1950, lokacin da hukumar wutar lantarki ta ƙasa ta karɓe ta. Wannan ruwa da wuta su ne suka share fagen kafa masana'antu a Kano daga baya.

Gyaɗa, Ciniki da Bunƙasar Gari

Kano tsohuwar cibiyar ciniki ce tun kafin Turawa, an san ta da saƙa da rini da jima da fataucin goro, kasuwar Kurmi kuma ta tara baƙi daga nesa. Abin da ya sauya a zamanin Sarki Alhaji shi ne girman cinikin da inda ya dosa. Ayarin raƙuma zuwa Tarabulus ya ja baya, kaya suka koma bin layin dogo zuwa bakin teku. A 1930 aka kammala layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa ta Ringim da sauran garuruwan gabas, sai tashoshin sayen gyaɗa suka yawaita a kan hanyarsa. Hukumar En'e kuma ta yi ta fitar da hanyoyin mota zuwa hedikwatocin gundumomi, motocin ɗaukar kaya suka fara raba aiki da jakuna da raƙuma.

Cinikin gyaɗa yana da matakai. Manomi ya ɓare gyaɗarsa ya kai sikeli, 'yan baranda da ƙananan dillalai su saya, su miƙa wa manyan wakilai, su kuma su miƙa wa kamfanonin Turawa. A cikin 'yan ƙasa babu wanda ya kai Alhaji Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji, wanda aka haifa a 1877 ya kuma rasu a 1955. Sarki ya ba shi da ire-irensa goyon baya, a lokacin da kamfanonin Turawa da Kwarori suka mamaye kasuwar. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, gwamnati ta karɓe ikon yanka farashi, a 1949 kuma aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta ƙasa. Bayan yaƙin gyaɗa ta fi ƙarfin taragun jirgin ƙasa, sai aka riƙa jera buhuna ana yin dala, wadda kowace ɗaya kan ɗauki kimanin buhu 15,000. Dalar gyaɗa ta zama tambarin Kano a idon duniya.

Sarki ya kuma ƙarfafa wa masu son kafa masana'antu. A farkon shekarun 1950 'yan kasuwar Kano suka haɗa jari suka kafa masaƙar zamani a Gwammaja, wadda take cikin na farko a ƙasar nan, aka kuma fara kafa injinan matse man gyaɗa. Ta fuskar sufurin sama, jirgi ya fara sauka Kano a watan Nuwamba na 1925, gab da hawansa mulki, a 1936 kuma aka fara zirga-zirgar jiragen fasinja da wasiƙu ta hanyar Hartum. A lokacin yaƙi filin jirgin saman Kano ya zama zango ga jiragen da ke ratsa Afirka, bayan yaƙi kuma ya zama ƙofar Nijeriya zuwa Turai.

Duk wannan ya jawo jama'a. Unguwannin Waje, wato Fagge da Sabon Gari da Tudun Wada da Gwagwarwa, suka cika da 'yan ci-rani da ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu. A 1940 aka mayar da Sabon Gari ƙarƙashin Hukumar En'e, ya zama Sarki yana mulkin mutane masu harsuna da addinai daban-daban. Ƙidayar 1952 ta nuna Kano da kewayenta na da kimanin mutum 130,000.

Ilimi, Lafiya da Babban Masallaci

Sarki Abdullahi ya fahimci cewa hukuma ba ta tafiya sai da ma'aikata masu ilimi. A ƙarshen shekarun 1920 ya kafa makarantar Shahuci don horar da alƙalai da malaman kotu, a ƙarƙashin Malam Sulaiman, wanda daga baya ya zama Walin Kano. A 1934 aka buɗe makarantar koyon aikin shari'a a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan, kuma a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Makarantar Midil ta Kano, wadda a yau ake kira Kwalejin Rumfa, ita ce ta yaye da yawa daga ma'aikatan En'e. A 1930 aka buɗe ajin 'yan mata na farko a Kano. Asibitin cikin birni, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Janar Murtala Muhammad, shi ma a farkon mulkinsa ya kafu, da kuɗin En'e. A karkara kuma an buɗe ɗakunan shan magani a wasu gundumomi, malaman dabbobi suna yi wa shanu allurar bushiya.

A 1934 Sarki ya ziyarci Ingila tare da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Gwandu Usman. A 1937 ya yi aikin Hajji, ya zama Sarkin Kano na farko da ya sauke farali yana kan gado, wannan ne kuma asalin laƙabinsa na Sarki Alhaji. A wannan tafiya ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ta ƙasar Sanigal, haɗuwar da ta yi tasiri ƙwarai a kan ɗariƙar Tijjaniyya a Kano. Ya kuma biya ta Masar, inda ya ga manyan masallatai. Bayan dawowarsa ya ɗaura niyyar sake gina masallacin Juma'a na birni, aka kuma buɗe sabon ginin a 1951, mai koren tulluwa da hasumiya biyu, wanda har yanzu yake tsaye kusa da Gidan Rumfa.

Ƙorafin Talakawa da Shekarunsa na Ƙarshe

Adalci ne mu faɗi ɗaya gefen. Mafi yawan kuɗin baitulmali daga karkara suke fitowa, daga harajin manomi da jangalin makiyayi, amma manyan ayyuka a birni suka tsaya. Manomin Bichi ko Rano ko Gwaram da ya biya harajin da aka sayi bututun Challawa, shi da iyalinsa sun ci gaba da shan ruwan rijiya da na tafki, kurkunu na kwantar da su a tsakiyar damina. A shekarun da farashin gyaɗa ya faɗi, haraji bai sauka daidai da faɗuwar ba, har wasu sukan sayar da hatsi ko dabba ko su ci bashi kafin su biya. Makarantun boko a gundumomi kaɗan ne. An kuma yi ta kuka da halin wasu dagatai da 'yan doka da ma'aikatan kotu. Talaka ba shi da wakilin da ya zaɓa a wurin da ake yanka haraji ko ake tsara yadda za a kashe shi, a saman kowa kuma akwai Turawa, waɗanda babban burinsu shi ne gyaɗa ta isa bakin teku.

An shaidi Sarki Alhaji da tsoron Allah da sauƙin kai da gudun abin duniya, amma nagartar mutum ɗaya ba ta isa ta toshe kowace ɓaraka a hukuma mai faɗin ƙasar Kano ba. Waɗannan koke-koke ne suka haifi jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, Malam Aminu Kano kuma ya zama jagoranta. A cikin wannan wata ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙuduri a majalisar Kaduna yana neman a yi wa tsarin En'e garambawul. Sakamakon haka, daga 1952 doka ta ɗora ikon En'e a kan Sarki tare da majalisarsa, aka kuma fara kafa majalisun gundumomi da na ƙauyuka.

A wannan lokaci tsufa ya kama Sarki, yawancin aiki ya koma hannun babban ɗansa, Ciroma Muhammadu Sanusi. A watan Mayu na 1953 rikicin siyasa tsakanin Arewa da Kudu a kan batun mulkin kai ya rikiɗe ya zama tarzoma tsakanin mutanen birni da Fagge da na Sabon Gari, aka yi kwana huɗu ana ɗauki-ba-daɗi, fiye da mutum 30 suka rasa rayukansu. Wannan ya nuna cewa gari mai girma da sauri yana buƙatar a kula da zaman tare tsakanin mazaunansa kamar yadda ake kula da titunansa.

Rasuwarsa da Abin da Ya Bari

Allah ya yi wa Sarki Alhaji Abdullahi Bayero rasuwa a ƙarshen watan Disamba na 1953, yana da kimanin shekara 72, aka binne shi a gidan Sarki na Nasarawa. Ɗansa Muhammadu Sanusi ya gaje shi, bayansa ƙaninsa Muhammadu Inuwa, sannan wani ɗan nasa, Alhaji Ado Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014. A 1962 aka sa wa kwalejin da ta tsiro daga Makarantar Nazarin Larabci sunansa, ita ce ta zama Jami'ar Bayero a 1977.

Tsarin da ya yi aiki a cikinsa ya wuce. Baitulmalin da ya yi rara a 1927 ya shiga ƙuncin kuɗi har gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kwamitin bincike a 1962. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo zaɓaɓɓun majalisu, a yau kuma jihar na da ƙananan hukumomi 44, takwas daga cikinsu a cikin birni da kewaye. Dalar gyaɗa ta ɓace bayan farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975. Neman ruwa kuwa ya ci gaba, aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, amma har yanzu akwai unguwanni da ƙauyuka da ke dogara da 'yan garuwa da rijiyoyi.

Daga wannan tarihi muna ganin abubuwa uku da suka shafe mu kai tsaye. Na farko, aiki mai ɗorewa yana farawa ne daga tsare kuɗi da rubuta lissafi, domin sai da aka gyara majalisa da baitulmali kafin ruwa ya hau Gwauron Dutse. Na biyu, shugaba yana iya tsayawa a kan buƙatar jama'arsa ko da na sama da shi ba su gamsu ba, muddin yana da hujja da lissafi a hannu. Na uku, wanda ya fi shafar mazauna karkara, shi ne bashin da birni ya ci na ƙauye, wanda zamanin Sarki Alhaji bai biya ba. Biyan wannan bashi yana wuyan shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da hakimai da dagatai na yau, ta hanyar ruwan sha da hanyar kai amfanin gona kasuwa da ɗakin shan magani da makaranta. Haka nan haƙƙi ne a kan kowane mai biyan haraji da kuɗin kasuwa ya tambayi kansilansa abin da ke cikin kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsa, ya kuma bi sawun aikin da aka yi alkawari.

Muna roƙon Allah ya jiƙan Sarki Alhaji Abdullahi Bayero, ya gafarta masa kurakuransa, ya saka masa da alheri, ya kuma ba shugabanninmu ikon riƙe amanar dukiyar jama'a, amin.